Odar da Ba a Danna Ba

Sabiru bai cika sati da karɓar makullin babbar mota ba ya tsinci kansa a gefen titi, gab da shiga Bungudu, yana kallon gaban motar na fitar da tururi kamar tukunyar dambu. Bai duba ruwan lagireto ba kafin ya baro Gusau. Aikin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa wasu tun yana karen mota, ranar da ya zama direba shi ya fara mantawa, don hankalinsa na kan yadda zai harɗe a kujera jama'a su gan shi.

Shehu Waigi, wanda Alhaji Arzika mai motar ya haɗa su aiki tare, ya sauka ya tokare taya da katako, ya nemi inuwa ya zauna. Dattijo ne da furfura ta fara cin gemunsa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan mota bai taɓa sha'awar sitiyari ba, kuma ya ga sababbin direbobi iri-iri. Jarka kawai ya miƙa wa Sabiru.

A cikin gonar da ke bakin titin akwai rijiya, wata budurwa na jan guga tana shayar da bijimai biyu, ɗaya ja ɗaya fari. Sabiru ya nufe ta yana juya makulli a ɗan yatsa, ya yi sallama. Da ta ɗago ta amsa, sai maganar da ya shiryo ta ɓace masa. Ya tsaya riƙe da jarka, baki buɗe, har sai da jan san ya yi atishawa sannan ya dawo hayyacinsa.

"Ruwa nike so, don Allah. Mota ta tafasa."

"Kai ne direban, ko aiko ka anka yi?"

Tambayar ta sosa masa rai. Ya ɗaga makullin sama don ta gani da kyau. Ta cika masa jarkar tana danne dariya, ta ce ai ta gane, sabon hannu ne, don tsohon direba ba ya tahowa ɗibar ruwa da makulli a yatsa.

Sunanta Shafa'atu, ɗiyar Malam Labbo mai gonar. Ta gama sakandare a Bungudu, tana ɗinki a gida, ita ke kula da shanun in mahaifinta ya tafi kasuwa. Duk wannan ba a ranar ya sani ba. Sai da motar ta sake tafasa a daidai wurin, ta kuma sakewa, alhali lagireto cike yake da ruwa. A karo na ƙarshe ya dawo da jarka a hannu ɗaya, lambar waya a ɗaya hannun. Shehu Waigi ya dube shi ya ce, "Wagga mota ta iya zaɓen wurin tafasa."

Shekarar farko ta direba ba ta da daɗi, duk wanda ya ce maka tana da daɗi a ƙaramar mota ya yi ta. A tasha 'yan kamasho su tsallake layinsa su ba tsofaffin hannu lodi mai kyau, shi a bar masa wanda kowa ya ƙi. 'Yan dako su jibga masa kaya gefe guda, mota ta riƙa tafiya a karkace. A kowane shinge a dubi fuskarsa a gane sabo ne, a ajiye shi a rana. Ga dokar da kowane direban yankin ya sani, in la'asar ta yi sanyi a nemi gari a kwana, don hanya ba ta da tabbas. Mahaifiyarsa da ke Tsafe sai ta yi makonni ba ta sa shi a ido ba, ko da kuwa ya ratsa garin.

Abin da ya riƙe shi saƙonnin Shafa'atu ne.

"Sabon Hannu, ka ci abinci kuwa? Ko yau ma biredi da ruwan leda ne?"

"Shafata, yau na yi baya da mota a kasuwar Tsafe na kwashe rumfar mai tattasai. Kasuwa duka ta taru a kaina. Da na tuna dariyarki sai kunyar ta ragu."

"Allah ya tsare min kai. Rumfa ana sake kafa ta. Kai ne babu na biyu."

Irin wannan saƙon yakan karanta shi, ya kifa wayar a ƙirji, ya sake ɗaukowa ya karanta kamar wani abu zai ƙaru a ciki.

Da abin ya yi nisa ya yi wanka, ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya shiga motar haya ya je gaishe da Malam Labbo a ƙauyensu da ke bayan gonar. Malam Labbo mutum ne mai ƙarancin magana. Kakanninsa makiyaya ne, shi noma ya zaunar da shi, amma son shanu bai bar jininsa ba. Bijiman nan biyu da hannunsa ya horar da su huɗa, yana kiransu Ɗan Ja da Fari, yana yi musu magana kamar 'ya'yansa.

Ya saurari Sabiru har ƙarshe, sannan ya ce shi ba ya yi wa ɗiyarsa dole, amma direba baƙo ne a gidansa, matarsa da waya take zama. Ya ce ga Bashiru, ɗan amininsa, mai shagon maganin feshi a Bungudu, ya daɗe yana sintiri, kuma shi kullum a gida yake kwana. A ƙarshe ya ce a bari damina ta wuce a gani. Sabiru ya fito da murna, don wanda ke cikin so in ba a kore shi ba gani yake an ba shi.

A cikin wannan murnar ya yi sayayyar da ta jawo komai. Manyan direbobi kowa da odarsa, wato ham ɗin motarsa. Tun mota na nesa, mutanen gari kan ce ga wane nan tafe, daga jin kukanta kawai. Sabiru ya daɗe yana mafarkin tasa. Ya je wurin masu kayan mota a Gusau ya zaɓi wata oda ta iska mai waƙa, irin wadda in an danna sai ta hau sama ta karye ta sake hawa, ana jin ta har gari na gaba. Shehu Waigi ya kalli bakanike na ɗaura ta, ya girgiza kai.

"Yaro, oda ta gargaɗi ce. Ba a zance da ita."

Sabiru ya yi dariya ya ce Kawu Shehu ya tsufa. Tun daga ranar, duk sanda ya zo daidai gonar sai ya danna ta, ya ja ta da kyau. Kafin ya yi nisa wayarsa za ta yi ƙara.

"Na ji ka, Sabon Hannu. Allah ya kai ka lafiya."

Lokacin gonar fayau take, shanu na gida. Babu wanda ya yi tunanin ranar da za su fito.

Ruwan shuka ya sauka. Washegari da hantsi Sabiru ya taho da lodin siminti, ƙasa na ƙamshi, zuciyarsa fes. Ya hango mutum da shanu a cikin gonar, kusa da titi, ya ce a ransa yau har surukinsa zai ji gaisuwa. Ya danna odar, ya riƙe ta fiye da kullum, ya sha kwana ya wuce yana murmushi.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Da suka tsaya sallar azahar ya rubuta mata, "Shafata, yau ba ki ji ni ba ne?" Shiru. Ya kira, ba a ɗauka ba. Sai bayan la'asar saƙo ya shigo.

"Sabiru, odarka ta firgita shanun Baba suna cikin huɗa. Sun ja shi da garma, ƙafarsa ta tsage, muna asibiti a Gusau. Ɗan Ja ya faɗa kwalbati ya karye, an yanka shi. Kada ka kira ni yanzu."

Ya karanta yana tsaye, bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Tun da suka haɗu ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai yau. Ya miƙa wa Shehu Waigi wayar, dattijon ya sa aka karanta masa, ya yi salati. Bai ce ai na gaya maka ba, kuma wannan ya fi yi wa Sabiru ciwo.

Ya so ya je asibitin ya faɗi gaskiya a ranar. Shafa'atu ta turo saƙo ta hana shi. Ta ce Baba bai ga motar ba, waƙar odar kawai ya riƙe, ya ce ko a mafarki ya ji ta zai gane ta. Ta roƙe shi ya bari ƙafar ta yi sauƙi, ita da kanta za ta nemo lokacin da ya dace. Ya yarda, kuma a ƙasan ransa ya ji daɗin jinkirin, don tsoro yake ji.

Da aka sallamo Malam Labbo, Sabiru ya je dubiya. Yana kan hanyar kai kaya ne, don haka da motar ya je, ya ajiye ta can bakin masallaci nesa da gidan. Shehu Waigi ya shiga alwala. Sabiru ya tarar da Malam Labbo a zaure kan tabarma, ƙafa a naɗe, maƙwabta zagaye da shi. Bashiru na nan, sanye da farar shadda, yana ta zuba wa mutane ruwa kamar ɗan gida.

Sabiru ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yi jaje. Malam Labbo ya amsa da sakin fuska, har ya ce ya gode da ya baro aikinsa ya zo. Ana cikin haka Bashiru ya zame ya fita. Shagonsa a bakin titi yake, babu motar da bai san kukanta ba.

Sai ga odar ta tashi. Ta hau sama, ta karye, ta sake hawa, ta cika ƙauyen.

A bayan katanga Fari ya yi wani irin kuka yana fizgar turke. Malam Labbo ya dafa ƙasa ya miƙe zaune, idanunsa a kan Sabiru, fuskar nan ta sauya kamar ba shi ya gama godiya yanzu ba. Sabiru ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi.

Bashiru ya dawo yana karkaɗe hannu. Ya ce shi dai ya ga bai kamata a riƙa cin amanar dattijo har cikin zaurensa ba. Ya ƙara da cewa babbar mota madubi gare ta hagu da dama, duk direban da ya ce bai ga abin da ya bari a bayansa ba, ya dai ƙi tsayawa ne.

"Motarka ce?" in ji Malam Labbo.

"Tawa ce, Baba. Wallahi ban gani ba. Gaisuwa ce nike..."

"Gaisuwa." Ya maimaita kalmar a hankali. "Ka gaishe ni, na amsa da ƙahwata da sana. Kuma kaz zo ka zauna gabana kana min sannu. Tashi, yaro. Kada in ƙara ganin ka ƙohwar gidan ga."

Sabiru ya fito yana haɗa hanya. Da yamma saƙonta ya zo, gajere.

"Ka gaya min gaskiya. Ka gani a madubi ka wuce?"

"Shafata, na rantse da wanda raina ke hannunsa ban gani ba. Kwana na sha. Da na gani, da ko motar za ta ƙone sai na tsaya."

Ba ta ba da amsa ba. Wannan shirun ya fi korar da aka yi masa zafi.

Ya kwance odar da hannunsa, ya mayar da tsohuwar da motar ta zo da ita. Ya so ya jefa mai waƙar a kogi, Shehu Waigi ya karɓe ya cusa a akwatin kayan aiki, ya ce ƙarfe ba shi da laifi. Sabiru ya tura kawunsa daga Tsafe da ban haƙuri da alkawarin zai sayi wani sa ya biya. Malam Labbo ya karɓi baƙon da mutunci, ya ba shi fura, ya ce ya yafe sa, amma maganar aure a bar ta. Aron sa ya riƙa yi wurin maƙwabci yana haɗawa da Fari, huɗar da ta kamata a gama da wuri ta ja lokaci.

Sabiru ya rame. Ya daina harɗewa a kujera, ya daina juya makulli. In ya zo daidai gonar sai ya rage gudu ya lallaɓa ya wuce kamar mai bin bayan gawa, idonsa na neman mayafinta. A tasha ya ji ana cewa mutanen Bashiru za su kai gaisuwa da kaka. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Gero ya kai gwiwa sannan wayarsa ta kawo sunanta.

"Ko ba oda ina jin wucewarka. Na san ƙarar injinka, na san yadda kake rage gudu. Wanda ya gudu ba ya haka. Na yarda da kai, Sabon Hannu. Amma Baba ya rufe maganar, ni kuma ba zan saɓa masa ba. Ka yi mana addu'a."

Ya yi kuka a kan sitiyari, Shehu Waigi ya juya kai yana kallon taga kamar akwai abin kallo a waje.

Ana nan wata rana aka loda masa taki a Gusau. Tun ana lodin ya ga an wuce ƙa'ida, ya yi magana. Mai kayan ya ce in ba zai iya ba a kira direba na gaske. Sabon direba ba ya cewa a'a, don bayansa akwai mutum goma masu jiran makullin. Ya haɗiye maganarsa ya tayar da mota.

An kwana ana ruwa, titi na sheƙi. Kafin gonar Malam Labbo akwai 'yar gangara mai sauka zuwa kwalbati. Sabiru ya taka birki don ya rage gudu kamar yadda ya saba. Wani abu ya fashe a ƙarƙashin motar, iska ta fita da ƙara, birkin ya tafi ƙasa babu komai a cikinsa. Ya sake takawa. Babu.

Ya ɗaga ido. Amalanke ce a tsakiyar titi tana tsallakawa zuwa gona. Fari da san aro ke jan ta a natse. Malam Labbo na zaune a kai, ƙafar nan a miƙe, sandarsa a gefe. A bayansa Shafa'atu ce riƙe da kwanon abinci. Ba su waiwayo ba, don sun saba motoci na rage gudu a wurin.

"Oda!" in ji Shehu Waigi. "Danna oda, yaro!"

Hannun Sabiru ya riga ya kai kanta. Duk direban duniya abin da zai yi ke nan, kuma babu mai ganin laifinsa. Amma ya ga kunnuwan Fari, ya tuna kukan da san ya yi a bayan katanga. In odar ta tashi, shanun nan ba gaba za su yi ba. Za su yi tsalle su juya, su kifar da amalanken a kan kwalta, da mutumin da ba ya iya gudu da yarinyar da ba za ta gudu ta bar shi ba.

Ya janye hannun. Ya cusa giya ƙasa da dukan ƙarfinsa, injin ya yi kururuwa, ya yi bismilla ya murɗe sitiyari zuwa gona. Motar ta tsallake rami, ta nutsa cikin taɓo, ta yi kamar za ta tsaya, sannan nauyin lodin ya rinjaye ta, ta kwanta a gefenta cikin geron Malam Labbo. Buhunan taki suka yi ta fashewa.

Da ya farfaɗo, a kan kunyar gona yake kwance, mutane sun jawo shi ta gilashin gaba. Hannunsa na hagu ya karye, jini na bin goshinsa. Abin da ya fara ji muryar Shehu Waigi ce. Dattijon ya tsira da ƙujewa, yana tsaye cikin taɓo har gwiwa, yana gaya wa duk wanda ya zo cewa yaron nan mahaukaci ne. Ya ce yana ce masa danna oda, danna oda, hannunsa na kai, da idonsa ya ga ya ɗauke.

Jama'a suka dare, Malam Labbo ya ƙaraso yana dogara sanda. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya dubi motar, ya dubi sawun tayar inda ya bar kwalta, 'yan taku kaɗan daga inda amalankensa take ɗazu. Ya sunkuyo.

"Don mi ba ka danna ba?"

Sabiru ya dube shi ya ce, "Shanu, Baba."

Malam Labbo ya juya. Can bakin gona amalanken na tsaye lafiya lau, Fari ya sunkuyar da kai yana cin ciyawa, sai ɗan kaɗa kunne da yake yi. Dattijon ya daɗe yana kallon san. Leɓensa na motsi amma babu mai jin abin da yake faɗa.

Shafa'atu kuwa ta manta da kunya, ta manta da jama'a. Ta durƙusa cikin taɓo ta cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta ta danne masa goshi, tana kuka tana kiran Sabon Hannu, Sabon Hannu. Mata suka riƙa kallon juna. Mahaifinta ya gani, bai hana ta ba.

Alhaji Arzika bai yi faɗa da yawa ba. Ya zo asibiti ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce ya san lodin ya yi yawa, amma direba ne ke da alhakin motarsa. Ya karɓi makullinsa. In hannun ya warke, in ji shi, Sabiru ya koma bin mota tukuna.

Haka ya koma Tsafe gaban mahaifiyarsa, hannu a rataye, babu mota, babu mata. Tun yana da makulli an ƙi shi, ina ga yanzu. Yana zaune a tsakar gida tana ba shi kunu saƙo ya shigo.

"Sabon Hannu, ka zauna da kyau kafin ka karanta. Baba ya ce ka turo magabatanka."

Kofin ya suɓuce daga hannunsa. Mahaifiyar ta zabura tana tambayar wa ya mutu. Ya miƙa mata wayar, ya manta ba ta karatun boko.

Kawunsa, mutum mai gudun abin kunya, da suka isa zauren sai da ya fito fili ya ce yaron yanzu ba shi da mota, kada a yi abu cikin duhu. Malam Labbo ya gyara zaman ƙafarsa ya ce ya sani, ai a gonarsa motar ta kwana.

"Ya kashe min sa, ya kwantar min da gero. Ban taɓa ganin mai neman aure da ɓarna irin tasa ba." Aka yi dariya, shi bai yi ba. "Amma na ga direbobi da yawa masu iya tuƙi. Wanga ya iya riƙe hannunsa. Wanda mutuwa ta taho mai, ya tuna da halin sana, ba shi mance halin ɗiyata. Na ba shi."

Bashiru ya ji labari a shagonsa. Bai sake bi ta ƙauyen ba.

An ɗaura aure bayan kaka. Kusurwar gonar da taki ya zube a cikinta ta yi geron da har daga garin Kekun Waje ake zuwa kallo, mutane na tsokanar Malam Labbo cewa surukinsa ya biya sadaki tun da damina. Ranar kai amarya Alhaji Arzika ya aiko da motar, an gyara ta an yi mata sabon fenti, don ta ɗauki kayan ɗaki zuwa Tsafe. Ya aiko da makullin a hannun Shehu Waigi, da saƙon cewa na yau ne kawai, gobe kuma a gani. Ango ba ya tuƙa kayan amaryarsa, amma babu wanda ya iya hana wannan angon.

Abokansa direbobi sun zo da motocinsu. A al'adarsu in ɗayansu ya yi aure sai sun tayar da gari da oda, amma Sabiru ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya roƙe su kada wanda ya taɓa. Jerin motoci ya tashi shiru kamar ba biki ba.

Suna kaiwa bakin titi sai ga Malam Labbo tsaye da sandarsa, ya ɗaga hannu. Sabiru ya taka birki, ya diro ya durƙusa yana tunanin wane laifin kuma ya yi.

"Haka za a kai min ɗiya, kamar an sato ta?" in ji dattijon. "Tun da sahe na aika da Fari fadama. Kama ni in hau."

Aka tallafa masa ya hau ya zauna a kujerar direba. Ya tambayi inda ake dannawa, Shehu Waigi ya nuna masa yana sunne kai. Malam Labbo ya sa babban yatsansa ya danna. Amma ba tsohuwar odar ba ce ta amsa. Mai waƙar ce, Shehu Waigi ya mayar da ita bai gaya wa kowa ba. Ta hau sama, ta karye, ta sake hawa, sauran motocin suka ɗauka gaba ɗaya, mata suka rangaɗa guɗa.

Malam Labbo ya sauko, idanunsa sun kawo ruwa. Ya dafa kan Sabiru ya ce Allah ya tsare shi a hanya, ya dawo da shi gida duk inda ya tafi, ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Jama'a suka shafa da amin.

Sabiru ya hau mota, ya kama sitiyari da hannu biyu. Kafin ya sa giya wayarsa ta yi ƙara. Daga ƙaramar motar da ke bayansa ne, inda amarya ke lulluɓe tsakanin gwaggonninta.

"Na ji ka, angona. Ja mu tafi gida."